Shafin Ƙarshe na Goggo Sauda

Goggo Sauda ba ta taɓa fara littafi daga farko ba. Duk littafin soyayyar da ya shigo hannunta sai ta juya shi ta baya, ta lashi yatsa, ta buɗe shafin ƙarshe. In ta ga an ɗaura aure an kai amarya, sai ta ce "Madalla," ta gyara zama ta koma shafi na ɗaya. In kuwa ta ci karo da mutuwa ko rabuwa, sai ta miƙa wa mai littafi abinsa da hannu bibbiyu. Tun ina ƙarama wannan ɗabi'a take ba ni haushi. Don Allah ina daɗin labarin da ka riga ka san ƙarshensa?

"Ke dai ba ki san komi ba," haka take ce mini. "Wahalar da nika sha cikin duniya ta ishe ni. In zan sha ta cikin littahi, sai na tabbata akwai biki gaba."

Ƙanwar babana ce, tela ce a Gwadangaji. Keken ɗinkinta yana ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, a ƙarƙashin gadonta kuma akwai jakar gana-mas-go cike da tsofaffin littattafai, wasu bangonsu ya cire ta ɗinke su da zare. A cikin jakar nan na koyi karatu, kuma a cikinta na kamu da ciwon rubutu. Ni ce Zakiyya, gidanmu yana unguwar Badariya. Da safe ina koyarwa a wata firamare, da rana ina rubuta littafi a waya, in riƙa sakinsa shafi-shafi a guruf ɗin masu karatuna, yawancinsu mata.

Littattafan da na fara yi duk na soyayya ne, kuma duk da biki na rufe su. Na haɗa lefe, na yi kamu, na kai amare har na gaji. Wallahi na gaji da aurar da mutane! Sai na ce wannan karon zan shiga wata duniya, duniyar 'yan ruwa, aljanun nan da tsofaffi ke cewa suna zaune a ƙarƙashin gulbi.

Na ƙirƙiro wani saurayi masunci mai suna Atiku da budurwarsa Hanifa. Saura kwanaki kaɗan bikinsu ya faɗa ruwa da gorarsa da tarunsa, bai fito ba. Sai ya farka a wani gari can ƙasan gulbi, inda kadoji ke gadin ƙofa, ake kiwon giwan ruwa kamar shanu, wata sarauniya mai suna Tamba take mulki. Na kafa wa garin dokoki biyu, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai da na kafa su. Yini ɗaya a can shekara guda ce a tudu. Sannan duk ɗan Adam da ya sha furarsu ba ya komawa gida, kuma yana manta wanda ya bari.

To ka ji 'yan guruf! Ni ina fama da yadda ake hura wuta a ƙarƙashin ruwa, su ga abin da ya dame su: "Anti Zakiyya, Tamba fara ce ko baƙa?" "Anti, Atiku zai dawo da zinare ya ƙara wa Hanifa lefe ko?" "Don Allah a yi a fito da shi a yi bikin nan, mun ƙosa." Wata ma cewa ta yi ba a nuna mata kalar ɗakin sarauniyar ba. Na gaya musu wannan ba irin littafin da suka saba ba ne, su yi haƙuri su bi labari. Ko a jikinsu. Tunda dai sun ga saurayi da budurwa a shafin farko, a wurinsu alkawari ne na ɗauka.

Goggo ba ta cikin guruf. Idanunta sun yi rauni, ta ce rubutun waya tururuwa ne. Don haka duk Asabar bayan la'asar nake hawa keke mai ƙafa uku in tafi Gwadangaji, in zauna a tabarma ina karanta mata, ita tana taka keken ɗinki. Haka muka yi da duk littattafaina, kuma ba ta taɓa tambayata ƙarshe ba, don ta san ɗiyar gida ba za ta ba ta kunya ba.

Ranar da na fara karanta mata na 'yan ruwa, lafiya ƙalau muka taho. Ta yaba Hanifa, ta ce Atiku yana da kunya, yaron kirki ne. Sai na iso wurin da masu nutso suka yini suna nemansa, da yamma suka hau tudu da gorarsa kaɗai, Hanifa na tsaye a bakin ruwa tana kallon hannuwansu.

Keken ɗinki ya tsaya.

Na ɗago kai. Ƙafarta tana kan mataki, hannunta yana kan atamfar, amma ba ta tare da ni. A nan ne na gane abin da na ɗebo.

Mijinta, Baba Hodi, ɗan Argungu ne, fataucin albasa yake yi. Shekaru sun haura goma yanzu. Wata damina da aka yi ambaliya hanya ta yanke, shi kuma yana da albasar ajiya a Augie, kasuwa ta yi kyau, sai ya ce zai sauko da ita a jirgi. Jirgin ya kife kafin ya iso Argungu. An tsamo sauran mutanen, masu rai da marasa rai, shi kaɗai ne ba a gani ba. An ce albasa ta kwana biyu tana yawo a kan ruwa, yara suna kamawa. Masu nutso sun yi iya yinsu suka haƙura. Sai wasu tsofaffi suka ce wanda gulbi bai mayar da gawarsa ba, 'yan ruwa ne suka riƙe shi, kuma an taɓa jin wanda suka saki.

Da aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, Goggo ta fito da kanta ta naɗe su. "Ina gawa?" ta ce. Ba ta karɓi gaisuwa ba, ba ta yi takaba ba. Da shekaru suka ja, babana da wasu malamai suka yi mata bayanin cewa shari'a ta ba ta hanya, ta je gaban alƙali a yanke hukunci, ta yi idda ta huta. Ta ce ta ji. A gabanta babu mai cewa marigayi, babu mai cewa Allah ya jiƙansa. Sai dai a ce Allah ya maido shi lafiya, ta amsa da amin. Ni ina aji uku lokacin. Labarin ya narke a kaina kamar gishiri a miya, na rantse ban san shi nake zubawa a littafi ba.

"Goggo," na ce, "bari in bar shi nan. Akwai wani da nika rubutawa, na wata likita da..."

"Ba ni shahin ƙarshe."

"Babu shi, Goggo."

"Mi kika nuhi babu?"

"Ban rubuta ba. Shafi-shafi nika yi, ni kaina ban kai can ba."

Ta cire tabarau ta dube ni kamar na gaya mata na yi ɗaki ba rufi. "To hwaɗa min da baki. Ya dawo?"

Na san bai dawo ba. Tun kafin in rubuta layin farko na san haka, ai don haka na kafa dokokin. Amma bakina ya ƙi. Na ce mata ban yanke shawara ba tukuna.

"To ci gaba," ta ce, ta mayar da tabarau. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta shiga labari ba ta san mafita ba, kuma ni na jefa ta.

Daga ranar nan, Asabar kaɗai ta daina isarta. Ranar Talata sai ta kira ni: "An ƙara?" Ranar Alhamis ta sake kira. In ina karatu ba ta ɗinki, sai ta haɗa hannuwa a cinya. Garin Tamba da nake ta taƙama da shi, kasuwarsu ta wuri da fitilunsu na ƙwan kifi, duk ba su dame ta ba. "Wuce nan," take cewa. "Shi yana ina? Ya yi maganarta?" In Atiku ya ambaci Hanifa sai ta gyaɗa kai, ta ce, "Awo, haka nan na." In shafi ya wuce bai ambace ta ba, ranar ko ruwa ba ta ce in sha ba.

Na yi ta jan labarin ina kauce wa furar nan har 'yan guruf suka fara cewa na rasa abin rubutawa. Amma mutum ba ya zama da yunwa har abada, ko a littafi. Na rubuta Atiku ya galabaita, Tamba ta miƙo masa ƙwarya da hannunta, ya sha. Da na karanta wa Goggo wurin, sai ta yi ɗan murmushi.

"Ku marubuta kun iya. Za ki san yadda za ki yi."

Ana cikin haka sai ga waya daga Argungu. Zulkifli ne, ƙanen Baba Hodi. Ya ce mahaifiyarsu, Inna Umma, jiki ya yi nauyi. Abu ɗaya take roƙo kafin ta bar duniya: a tara malamai a yi wa ɗanta addu'ar mamaci, a yi masa sadaka, ta ji da kunnenta an ce Allah ya jiƙansa. Amma ta ce ba za ta yi ba sai matarsa ta yarda, don ba za ta kashe wa Sauda miji da bakinta ba. Ba wannan ne karo na farko da ta aiko ba. Kullum amsar Goggo ita ce tukuna.

Ina zaune a gabanta ta amsa wayar. Na ji ta ce, "Ka ce ma Inna ina tahe ran Asabar. Sauran maganar a bari littahi shi ƙare."

Da ta ajiye wayar raina ya ɓaci, na manta da girma. "Haba Goggo! Wane littafi? Ƙarya ce fa nika shiryawa a waya, ina kwance ina cin gyaɗa! Babu Atiku, babu Tamba, ni na yi su. Tsohuwa tana can kwance, ki ce sai labarina ya ƙare? Istihara na ce miki ina yi?"

Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ta ɗauki almakashi ta yanke wani zare.

"Na san ƙarya ta, ba yarinya nike ba. Amma duk littahin da na karanta, in anka raba masoya a farko ana haɗa su a ƙarshe. Ban taɓa ganin wanda ruwa ya raba ba sai naki. Ina son in ga yadda a kan yi." Ta ɗago. "Ran Asabar za ki raka ni. Ki taho da ƙarshen."

Da na gaya wa babana, cewa ya yi, "Ga abin da aljanunki suka jawo." Ya ɗauki butarsa.

Kwanakin nan ban san daɗin abinci ba. In na bar Atiku a ruwa, na sa wa Goggo wuƙa da hannuna. In na fito da shi, za ta je ta ce wa tsohuwa tukuna, tsohuwa ta mutu da abin a ranta. Na yi ta juya abin. Daga ƙarshe tausayin wadda nake gani kullum ya rinjaye ni. Na zauna ranar Juma'a na rubuta mata irin ƙarshen da ta saba. Na ƙirƙiro wani tsohon kada mai tausayi ya ba Atiku wani ganye, ya ci ya amayar da furar, ya tuna komai, ya tsere ya fito. Ya tarar da Hanifa a ƙofar gida da lalle a ƙafa. Aka buga kalangu, aka ɗaura aure. Ban saki shafin a guruf ba, don ni kaina kunyarsa nake ji.

Da hantsi muka shiga mota a tasha. Goggo ta sa atamfarta mai ruwan ganye, ta riƙe ledar lemo da za ta kai dubiya. Shinkafa ta nuna a fadama hagu da dama, ana ta yanka, amma ita gabanta kawai take kallo. Tun shekarar ambaliyar, in ta zo Argungu daga tasha sai gidan surukarta, daga can sai tasha. Ba ta yarda ko ta hango ruwa.

Da muka sauka na tsayar da masu babur ɗin kabu-kabu biyu na faɗa musu unguwar su Inna Umma. Goggo ta ce, "A'a. Bakin gulbi za ku kai mu."

Suka sauke mu a inda jirage ke tsayawa. Ruwa ya fara ja baya, ya bar laka da ƙarnin kifi. Wasu masunta suna gyaran taru a inuwa, mata suna wanki can gefe, wani jirgi ya taho shaƙe da buhunan shinkafa. Goggo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Na karɓi ledar lemon daga hannunta. Muka sami wani kifaffen jirgi a ƙarƙashin bishiya muka zauna a kai.

"Karanta," ta ce.

Na karanta. Na sa murya, na ja wurin da Atiku ya ɓullo daga ruwa, na ja wurin da Hanifa ta ɗago ido ta gan shi. Na kai har guɗar ƙarshe. Na jira in ji "Madalla."



"Kwana nawa ya yi can?" ta tambaya.

"Ya haura goma."

"Kin ce yini guda can shekara ta a nan."

"Haka na ce."

"To Hanifa ta shekara goma da wani abu ke nan. Ya kika ce ya iske ta da lalle a ƙahwa? Wa ya ƙunsa mata? Ina hurhurar kanta? Gwiwarta ba ta ciwo? Tana ganin ramin allura?"

Ba ta jira amsata ba.

"Kuma kadan ga mai ganye, ina yake tun farko? Ban taɓa jin shi ba sai yau. In akwai ganyen, don mi bai ba sauran mutanen da ke can ba? Su ba su da masu jiransu?"

"Goggo, ai littafi ne..."

"Ya sha hurar ko bai sha ba?"

"Ya sha."

"To." Ta juya ta kalli ruwa. "Wanga shahi ba Hanifa kika rubuta ma shi ba, Zakiyya. Ni kika rubuta ma. Na gode. Amma bai zauna ba."

Ga matar da ta shekara talatin tana mayar da littafi saboda ba a yi biki ba, yau na kawo mata biki har bakin gulbi ta ce bai zauna ba. Na so in yi mata tsiya, hawaye suka riga ni.

Ta ci gaba da magana, ba ni take kallo ba. "Kullum ina ganin Malam yana shigowa." Haka take kiran mijinta, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "In na ji an taɓa ƙyaure sai in gan shi, da shuɗiyar rigar da ya tahi da ita, da hular a karkace, yana cewa a ba shi ruwa. Ban taɓa gaya ma kowa ba. Cikin kaina abin daidai yake. Yau da na ji shi a bakinki, da kalangu da komi, sai na ji tatsuniya." Ta shafa bayan hannunta inda fata ta fara tattarewa. "Ran da ya tahi ya girme ni nesa ba kusa ba. Yanzu kina karatu nika lissahi. Zakiyya, na girme shi."

Na kama hannunta, ta bar mini shi. Jirgin shinkafar ya iso, aka fara sauke buhuna ana ihu, mu muna zaune kamar ba mu a wurin.

Can ta share fuska da bakin mayafi, ta juyo da irin kallon da take yi wa mai kawo ɗinki in ya zo da yadi bai isa ba.

"Ki goge kadan ga. Ki bar yaron can inda yake."

"To, Goggo."

"Amma abu guda. Kin ce wanda ya sha yana mantawa. Wannan ban yarda ba."

"Ai doka ce, tun farkon littafi na faɗa. Yanzu kika gama yi min faɗa a kan karya doka."

"Wa ya hwaɗi dokar cikin littahi?"

Na yi tunani. "Tamba."

"To Tamba mi ta sani? Aljana ta, an taɓa sonta? Ta ga mutane sun sha sun yi shiru, ta ɗauka mantawa sunka yi." Ta matse hannuna har na ji zafi. "Biki na yahe miki. Lehe na yahe miki. Kada ya dawo, na ji. Amma yarinyar ga ta tsaya bakin ruwa shekara da shekaru, ki ce min shi yana can bai san ma an yi ta ba? A'a. Hura ta hana shi hanya, wannan na yarda. Ki bar mashi ita cikin rai."

Na yi niyyar gardama, don na fi kowa taurin kai a kan abin da na rubuta. Amma na duba na ga ba ta karya mini komai ba. Ko a garin da na gina, babu wanda ya taɓa tambayar masu shan furar abin da ke ransu, har da ni da na yi su. Na ce mata na ji, haka za a yi. Atiku zai zauna a can, ya tsufa a can in ana tsufa, kuma duk yamma zai hau har inda hasken rana ke ratso ruwa ya kira sunan Hanifa.

"Ita kuma fa?" na tambaya. "Mi za ta yi?"

"Wannan ki bari in gani tukuna," ta ce, ta miƙe tana dafa gwiwa. "Kawo lemon."

Daga baya da na saki ƙarshen, 'yan guruf sun kusa cinye ni ɗanya. Wasu sun fita, wata ta ce na ci amanar soyayya, wata ta ce ta yi kuka har mijinta ya tambaya wa ya mutu. Wannan duk daga baya ne.

A ranar dai da ƙafa muka taka zuwa gidan, ta ce ba ta son kabu-kabu. Zulkifli yana zaure, ya tashi ya gaishe ta, yana ta satar kallon fuskarta ko zai karanci amsa. Muka wuce tsakar gida, mata suka yi mana sannu da zuwa, aka ɗaga mana labulen ɗakin tsohuwa.

Inna Umma tana kwance a katifa a ƙasa, ta ƙanƙance, carbi a naɗe a hannunta. Ɗakin yana warin man zafi. Da ta ji sallamar Goggo sai ta yunƙura, aka tallafa mata ta jingina da bango. Matan nan biyu sun shekara goma da ɗoriya suna gaisawa, suna tambayar jiki da gida da damina, amma akwai gaisuwa ɗaya da ba su taɓa yi wa juna ba.

Goggo ta ajiye lemon a gefe. Ta cire takalmi tun daga ƙofa, ta durƙusa har ƙasa a gaban katifar, ta sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunta sun ɗaga sun sauka.

"Inna," ta ce, "ya munka ji da haƙuri?"

Tsohuwar ta ƙura mata ido kamar ba ta ji daidai ba. Ta miƙo hannu tana laluben kan Goggo har ta same shi, ta dafa.

"Haƙuri da godiya, ɗiyata," ta ce. "Haƙuri da godiya."

"Allah shi jiƙan Malam," in ji Goggo. Muryarta ta karye a tsakiya, ta sake ɗaukowa daga farko, ta faɗa da ƙarfi yadda har na zaure zai ji. "Allah shi jiƙan Malam, shi yi mashi rahama."

Muka amsa da amin, duk ɗakin. Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ta cikin labule na hango Zulkifli ya shigo tsakar gida ya tsaya, hula a hannu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya ce wa matan a fito da tabarmi a shimfiɗa a ƙofar gida.